A AUNA KAFIN A SAYA: LISSAFIN WUTAR SOLA DON GONAKINMU

(Wannan shi ne jawabin da wani dattijo daga cikin 'yan goro na Sabon Shagamu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, saboda roƙon waɗanda ba su sami halarta ba.)

 

  

Da Sakatare ya same ni a rumfa ya ce ana so in yi magana a kan wutar sola, sai da na yi dariya, domin kowa a nan ya san ni ɗan goro ne, kuma karatuna bai wuce na allo da Islamiyya ba. Sai ya ce ai dalilin ke nan, wai a cikinmu babu wanda sola ta cinye wa kuɗi kamar ni. To, na karɓa, don na ji cewa mutum da yawa a cikinmu suna shirin aika kayan sola gida kafin noman rani, wasu kuma suna so su sa a gonakin kajinsu da ke nan bayan gari. Ba na so wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

YADDA TA KASANCE DA NI

Kowa ya tuna ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen 500 a cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Ina da gona eka 1 a ƙauyenmu cikin ƙasar Kano, da rijiyar burtsatse a ciki, ƙanena ne ke noma mana albasa. Sai ya bugo waya ya ce: "Yaya, janareto fa ya zama abokin tarayya, shi ke kwashe ribar."

Na shiga mota na tafi wata babbar kasuwar kayan lantarki a Ikko. Tambayar farko da na yi wa mai shago ita ce: "Nawa ne sola ta gona?" Shi kuma ya tambaye ni: "Alhaji, nawa ka zo da shi?" Na faɗa masa. Nan take ya haɗa mini fanel 2 da aka rubuta wa wat 300 kowanne, da batir 1, da inbata, da sumo mai ƙarfin doki 1, ya ce wannan zai shayar da gona har da ta maƙwabci. Na ɗora a motar goro aka kai gida, ina ta alfahari.

Makonnin farko ruwa yana zuwa. Da aka shiga Fabrairu, albasa ta fara yin kai, zafi ya ƙaru, sai sumo ya riƙa yin awa 2 yana tsayawa, inbata tana ta kuka. Kafin Maris ya ƙare batir ya mutu, rabin albasa ya ƙone.

Amma wallahi jama'a, asarar albasa ita ce ƙarama. Ina zaune a nan kurmi sai zuciya ta raya mini cewa ƙanena ne ya mayar da gonar wurin cajin waya da kallon ƙwallo. Na faɗa masa maganar da ba ta kamata ba, muka yi wata 2 ba ma gaisawa, har sai da tsohuwarmu ta sa baki. Daga baya wani yaro ɗan nan Sabo, wanda ya karanta aikin lantarki a kwalejin fasaha, ya zauna da ni da biro da takarda. Cikin minti 10 ya nuna mini cewa gonar tana bukatar wat 1,400, ni kuwa abin da na aika bai wuce wat 400 ba in an bi gaskiya. Yaron nan na gida bai ci amanata ba. Ni ne na aika jaki 1 ya ɗauko kayan jaki 4. Da Babbar Sallah na je gida na ba shi haƙuri.

To ku duba. Ni da ba na sayen huhun goro sai an kwance, na ga marsa, na ga daushe, na ƙirga ƙwarya nawa ce a ciki, sai ga shi na sayi kayan dubban ɗaruruwa ban ƙirga komai ba. Saboda haka maganata ta yau guda ɗaya ce: kada ka tambayi farashi sai ka san bukatarka da lamba.

MUDUN DA AKE AUNA WUTA

Kowane kayan lantarki, in ka duba bayansa ko gindinsa, za ka ga lamba da harafin W. Wannan shi ne wat, wato yawan wutar da yake ja a lokacin da yake aiki. In ka ninka wat ɗin da yawan awannin da yake aiki a yini, ka sami abincinsa na yini, shi ake kira wat-awa. Ƙwan fitila mai wat 10 in ya yi awa 6 a kunne, ya ci 60 ke nan. Wat-awa 1,000 kuwa shi ne yunit 1 da muke saye a mitar kati. Iyakar mudun ke nan, babu wani sihiri a ciki.

Bari mu ɗauki gonar kaji irin wadda wasunmu ke da ita a nan, mai ɗakin maigadi. Ƙwan fitila 10 masu wat 10, awa 6, ya kama 600. Fanka 2 masu wat 60, awa 10, ya kama 1,200. Firiza mai wat 150, ita injinta yana tashi yana tsayawa, a ce awa 10 yake yi a yini, 1,500. Cajin waya da rediyo a ba su 200. In ka tara, 3,500 ke nan a yini. Wannan lambar ita za ka riƙe a hannu kafin ka taka ƙofar shago. Kuma ka ji tsoron Allah wajen lissafin, kada ka ɓoye wa kanka talabijin ɗin da ka san za a kunna.

RANAR KURMI DABAN, RANAR AREWA DABAN

A nan ne mu mazauna kudu muka fi yin kuskure. Mutum zai ce ai rana awa 12 take yi a sama. Gaskiya ne, amma kasuwa ma tun safe ake buɗe ta, cinikin gaske kuwa na 'yan awanni ne. Ranar hantsi da ta la'asar ba su da ƙarfin ta azahar. In aka matse hasken yini duka aka mayar da shi mai ƙarfin tsakar rana, a ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato yakan kai awa 5 da rabi zuwa 6 da rani, da damina ya sauko wajen 5. A nan ƙasar Yarabawa kuwa awa 4 zuwa 4 da rabi ne, a Yuli da Agusta ya faɗo wajen 3 da rabi, don ko ruwa ya tsagaita gajimare ba ya barin sama. Duk mun san kwanakin nan da ake shanya riga ta kwana biyu ba ta bushe ba.

Ƙa'ida ita ce a yi lissafi da watan da ya fi kowane ƙarancin rana a cikin watannin da za ka yi aiki da wutar. Ka raba bukatarka da awannin ranar wurin. A nan Shagamu, 3,500 a raba da 3 da rabi, ya ba da wat 1,000. Sannan ka ƙara sulusi a kai, ya zama kamar 1,350.

Me ya sa ake ƙara sulusi? Saboda lambar da ke jikin fanel an auna ta ne a masana'anta, da cikakken haske, fanel ɗin yana da sanyin digiri 25. A gona kuwa yakan yi zafin da ya kai digiri 60, kuma fanel haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi. Ga ƙura, ga abin da ke zurarewa a waya da kwantirola da batir. Kamar dai yadda ɗan goro ke cire na ruɓa da na ƙwari kafin ya ce ga ribarsa.

Ke nan a nan kana bukatar fanel 3 masu wat 500. Amma in gonar nan a Arewa take, 3,500 a raba da 5 ya ba da 700, a ƙara sulusi ya zama kamar 950, fanel 2 sun isa. Kaya iri ɗaya, aiki iri ɗaya, amma can 2, nan 3. Don haka kada ɗan'uwanka ya ce maka shi 2 ya sa a Gusau suna yi masa aiki, kai ma ka sa 2 a Ijabu.

BATIR DA INBATA

Fanel shi ne manomi, batir shi ne rumbu. Abin da za a ci da dare kaɗai ake zubawa a rumbu. A misalinmu, a ce daga magariba zuwa hantsi ana cin 2,200.

Babban batir da aka saba gani an rubuta masa 12V da 200Ah. Ka ninka su, 2,400 ke nan a takarda. Amma batir mai ruwa, da ɗan'uwansa da ake ce wa busasshe, rabin abin da ke cikinsu ne naka. In kana kwashe shi ƙarƙaf kowane dare, wanda ya kamata ya yi shekara 3 sai ya mutu a 'yan watanni, kamar yadda nawa ya yi. Ke nan kowane ɗaya 1,200 yake ba ka. Guda 2 da kyar za su kai ka asuba, in kuwa kana so ka jure yinin da rana ba ta fito ba, sai 4. Batir na litiyom ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya cin kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikinsa, kuma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Guda 1 mai wat-awa 5,000 zai yi kusan aikin waɗancan 4. Kowanne ka saya, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, ban da ƙarƙashin kwano mai zafi, domin zafi na rage kwanan batir.

Inbata kuma ita ce ƙofar rumbu, ana auna ta da abin da zai fita a lokaci guda. In aka kunna komai na misalinmu tare bai kai wat 500 ba. Sai dai duk abin da ke da inji a ciki, irin firiza da famfo, a daidai lokacin tashi yakan fizgi wuta ninki 3 zuwa 5, ko fiye, kamar mai tura kura da ya fi shan wuya kafin taya ta fara juyawa. Shi ya sa ake sa inbata mai 1.5kVA, wadda ainihin ƙarfinta wajen wat 1,200 ne.

Akwai kuma abubuwan da ba a ɗora wa ƙaramar sola. Dutsen guga shi kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye, butar lantarki ta fi haka. Ɗumama 'yan tsaki dare da rana, gawayi ko iskar gas sun fi sauƙi. Injin niƙa da na sussuka kuma a bar su da man dizal, sai fa wanda ya shirya kashe kuɗi mai yawa.

RUWA SHI NE BABBAN AIKI

Yanzu ga abin da ya fi shafar masu aika kaya gida. Lissafin ban-ruwa daga ruwa ake fara shi, kuma tambaya uku ce.

Ta farko, lita nawa ake bukata a yini? Kayan lambu irin albasa da tumatir, a tsakiyar zafin rani a Arewa, eka 1 tana shan kamar lita 24,000 kowace rana, in ma ana sakin ruwa a kwalbati na ƙasa mai yashi ya fi haka. Saniya tana shan kamar lita 40, kaji 100 masu ƙwai kamar lita 25 zuwa 30.

Ta biyu, daga wane zurfi za a ɗago shi? Ba zurfin da mai haƙa ya tona ake nufi ba. Ana nufin inda ruwan yake tsayawa a lokacin da famfo ke ja, a watan Afrilu ko Mayu da ruwa ya yi ƙasa. A kan wannan sai a ƙara tsawon tanki, da ɗan abin da dogon bututu ke ci. A gonarmu ruwa na tsayawa a mita 30, tanki mita 6, bututu 4, jimla 40.

Ga dabarar da yaron nan ya koya mini. Ka ɗauki dubban litar, ka ninka da mitocin, ka ninka da 6. Wato 24 sau 40 sau 6, ya ba da 5,760. A raba da awa 5 da rabi na ranar rani, ya zo kusan 1,050. A ƙara sulusi, 1,400 ke nan, wato fanel 3 masu wat 500. Amma wanda gonarsa ke fadama, ruwa yana kusa, jimlar ɗagawa ba ta wuce mita 10 ba, rubu'in wannan yake bukata, fanel 1 ko 2 sun ishe shi. Kun ga ashe babu wani abu wai shi "sola ta gona". Kowace gona da tata.

Ta uku, ita kanta rijiyar nawa take iya bayarwa? Lita 24,000 a cikin awa 6 na nufin lita 4,000 kowace awa. In rijiyarka 1,500 take bayarwa, ko ka shimfiɗa fanel 20 ba za su haifar da ruwa ba, sai dai famfo ya ja iska ya ƙone. A sa a gwada rijiyar tukuna: a bar famfo yana aiki na awanni, a riƙa duba minti nawa yake cika duro mai lita 200, a farko da kuma a ƙarshe. In ruwan bai isa eka ba, a noma rabin eka a girbe, ya fi a noma eka a tashi a tutar babu.

Shawarata kuma, kada a haɗa famfo da batir. Akwai famfon da aka ƙera don sola, yana da kwantirolarsa, yana karɓar wuta kai tsaye daga fanel, ya fara a hankali da hantsi ya yi ƙarfi da azahar. Shi ya kamata a saya, tare da na'urar da ke kashe shi in ruwa ya ƙare. Kuɗin batir a sayi tanki ko a gina kwatami na siminti. Ruwan da ka tara da rana shi ne batirinka, kuma tanki ba ya mutuwa bayan shekara 2.

IDON ƊAN KASUWA

Bayan lissafi sai saye, a nan kuwa mu ne malamai. Takardar da ke manne a bayan fanel kowa na iya buga ta, amma girma ba ya ƙarya. Ka tafi da tef irin na tela. Fanel na zamani yana ba da kamar wat 200 zuwa 220 a kowace murabba'in mita. Na wat 500 na gaskiya tsawonsa ya ɗan haura mita 2, faɗinsa ya ɗan haura mita 1, nauyinsa ya wuce kilo 20. Nawa da aka ce wat 300 ne, da aka auna, mita 1 da rabi ne da faɗin da bai kai santimita 70 ba, wato wat 200 ne iyakarsa. Batir mai ruwa na 200Ah nauyinsa wajen kilo 60 ne, in ka ga yaro ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ka yi sallama ka wuce. Waya kuma a kankare bakinta, domin akwai wadda aka shafa wa jan ƙarfe a sama, cikinta farin ƙarfe ne. Kwantirola a nemi mai rubutun MPPT, ta fi tatsar fanel. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya da wa'adin garanti. Araha dai ba ta ado.

Wajen kafawa, fanel ya fuskanci kudu, a ɗan karkace shi kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Kada inuwar bishiya ko ta tanki ta taɓa ko da gefe ɗaya, don inuwa a kan ɗaya tana rage ƙarfin duk waɗanda aka jera tare da shi. Lokacin hunturu a riƙa wanke ƙura da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, ban da tsakar rana. A binne ƙarfen kariya daga tsawa. A kuma yi masa firam na walda mai ƙarfi, domin fanel a gonar da babu mai kwana, kun san sauran.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Daga ƙarshe ina da roƙo uku ga shugabanni. Na ɗaya, duk ɗan ƙungiya da zai sayi sola ya zo da takarda mai ɗauke da lambobinsa: abin da zai kunna da awanninsa, ko lita da zurfi da ƙarfin rijiya, a duba masa kyauta kafin ya fitar da ko kwabo. Na biyu, a buɗe littafi a ofis a riƙa rubuta masu aikin da aka gwada aka ga amanarsu. Na uku, a zaɓi yaranmu ko da 2 ne a shekara a biya musu kuɗin koyon wannan sana'a, don aikin yana ƙaruwa a nan da can gida, ga yaranmu da yawa babu abin yi.

Ku kuma 'yan'uwana masu aikawa gida, in an bugo an ce kaya ba sa aiki, ku fara tuhumar lissafinku kafin ku tuhumi ɗan'uwanku. Albasa an sake shuka ta, yanzu ma fanel 3 ne a gonar nan da tanki, ruwa yana isa. Amma maganar da na yaɓa wa ƙanena, ko da ya ce ya yafe, har yau ina jin kunyarta.

Duk mai tambaya ina rumfa kullum bayan la'asar, yaron nan ma ya yi alkawarin zama da mu ranar Lahadi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a gafarce ni. Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya jiƙan magabatanmu.